Kafin Ku Taya Tsohon Jirgin Ruwa

'Ya'yana, samarin Ikara da Maƙarfi da Kudan,

A 'yan shekarun nan maganar jirgin ruwa ta shigo majalisunku. Wanda ya sayar da rake ya ga kuɗi a hannu, da wanda tumatir ya yi wa kyau a noman rani, da wanda ya je ci-rani Yauri ko Malale ya ga abin da masu fito suke tarawa ranar kasuwa, duk sai ka ji suna lissafin a haɗa hannu a sayi kwale-kwale mai inji. Wasu suna so su kai shi Tiga ko madatsar Galma da ke ƙasar Kubau, wasu kuma su bar shi can tafkin Kainji wani ya riƙa tuƙawa ana raba riba. Sabo ya fi ƙarfin aljihu, musamman tun 2023 da aka cire tallafin mai, naira kuma ta faɗi, shi ya sa idon kowa yake kan tsoho. Ban ga laifin wannan niyya ba, neman halak ne. Tsohon jirgi kuwa ba abin gudu ba ne, domin akwai wanda ya shekara 20 yana aiki kuma ya fi wani sabon da aka ƙera da ɗanyen katako.

Abin da nake so ku fara yarda da shi shi ne, mu mutanen tudu ne. Ranar Laraba a kasuwar Maƙarfi da wuya a cuci ɗayanku a kan san noma: zai buɗe bakinsa ya ƙirga haƙora, ya ɗaga kofato, ya sa a zagaya da shi ya ga tafiyarsa, sannan ya buɗe baki ya taya. Wannan ido kun tashi da shi ne tun kuna bin iyayenku kara. A kan jirgi ba ku da shi, kuma babu kunya a faɗin haka. Don haka kuɗin farko da za ku kashe, ku kashe shi wajen ɗaukar mutum biyu: maƙerin jirgi da makanikin injin ruwa, waɗanda ba mai sayarwa ne ya kawo su ba, ba kuma dillali ne ya nuna muku su ba. Makanikin da yake gyara muku injin ban ruwa ko babur gwani ne a fanninsa, amma injin jirgi da halinsa daban. Ku biya mutanen nan ladansu tun kafin su duba, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, don kada abincinsu ya rataya a kan cewa sai kun saya.

Kuma ku je da ƙafarku. Ina ganin yadda ake turo muku bidiyo ta WhatsApp, jirgi yana tsaga ruwa, fenti yana walƙiya, a ce ku tura kafin alƙalami don wani ma yana so. Ba a cinikin biri a sama. Mai gaggauta ku haka, ko dai akwai abin da ba ya so ku gani, ko kuma jirgin ma ba nasa ba ne.

Idan kun isa bakin ruwa, ku sani abu biyu ne a gabanku ko da an haɗa musu kuɗi ɗaya: akwai jikin jirgi, akwai inji. Ku raba su a dubawa, ku raba su a ciniki. Sau da yawa ana jingina ruɓaɓɓen jiki da inji mai kyau don ɗaya ya sayar da ɗaya. Matasa kuma inji ne yake fara ɗauke musu hankali saboda shi ne mai ƙara da ƙyalli. Ni kuwa da jiki nake so ku fara, domin inji in ya mutu a tsakiyar ruwa akwai filafili da gora, jiki kuwa in ya buɗe babu dabara.

Ku ce a jawo shi tudu, a karkata shi ku ga cikinsa da bayansa. Wanda ya ƙi a fito da jirginsa daga ruwa, ku yi masa sallama cikin mutunci ku wuce. A zamanin da nake kai mazarƙwaila Yauri ina dawowa da busasshen kifi, na kan zauna wurin wani dattijo maƙerin jirgi a bakin kogi. In aka kawo masa jirgi ya duba ba ya cewa uffan. Sai ya ɗauki ƙaramar guduma da doguwar ƙusa, ya durƙusa daga goshin jirgin, yana ƙwanƙwasa katako ɗaya bayan ɗaya, kunnensa kusa da itacen. Inda lafiya take sai ka ji sauti ƙwal-ƙwal, guduma tana dawowa hannu. Inda ya ji sautin ya mutu, ɗif, sai ya kafa ƙusar ya danna da babban yatsa kawai. In ta shige ba gardama, sai ya zana wurin da gawayi ya ci gaba. Kafin ya kai ƙarshe mai jirgin da kansa ya ga abin da yake sayarwa, babu sauran musu.

Wuraren da ya fi daɗewa a kansu su ne nake so ku ma ku tsaya. Na farko ƙasan ciki, inda ruwa yake kwana, ƙarƙashin katakan da fasinja suke taka. Ku ɗaga su ku duba, ku sansana, ruɓaɓɓen katako yana da warinsa. Na biyu haƙarƙarin jirgi, wato itatuwan da suke riƙe da faffaɗan katako daga ciki. In ɗaya ya tsage ko ya rabu da bango, ƙarfin jirgin ya tafi ko da waje ya yi sumul. Na uku kawunan ƙusoshi. Duk inda kuka ga jan zane na tsatsa yana gangarowa daga kan ƙusa, to ƙusar ta cinye daga ciki, kuma katakon da ke kewaye da ita ya yi laushi. Sai kuma katakon baya, wanda ake ɗaura inji a kansa, wanda shi yake ɗaukar nauyin inji da turinsa duka. Ku ɗaga injin sama, ɗayanku ya kama ƙafarsa ya jijjiga da ƙarfi, ɗaya ya zuba ido. In katakon yana lanƙwasa ko haɗinsa yana buɗe baki, wata rana inji zai tafi da shi cikin ruwa.

Ku tambayi irin itacen. Madaci da kawo da loko suna jure ruwa shekaru, farin katako mai araha kuwa ba ya daɗewa. Faci ba aibi ba ne a kan kansa, duk jirgin da ya yi aiki yana da faci. Abin dubawa shi ne ko an yi shi da katako mai kyau an toshe haɗin da auduga da kwalta, ko kuwa gwangwani aka buga a kan ruɓa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sabon fenti da sabuwar kwalta a kan tsohon jirgi ana gab da sayarwa. Ku kankare kaɗan da wuƙa, da izinin mai shi, ku ga me ke ƙasa.

In jirgin na fayiba ne, irin waɗanda hukumomi da kamfanoni suke gwanjonsu, kada ku ɗauka ba ya ruɓa. Fatarsa ce ba ta ruɓa, amma a galibinsu akwai katako a cikin bangon baya da ƙarƙashin daɓe, kuma ruwa yana shiga ta ramin noti ya jiƙa shi shekara da shekaru. Alamarsa daɓe mai lotsawa in an taka, da tsage-tsage sirara kewaye da inda inji yake, da ƙuraje a ƙasan jiki, da baƙin ruwa yana tsattsafowa in an kwance noti. Wani kuma za ku ji ya yi nauyin da bai dace da girmansa ba, saboda soson da ke cikinsa ya sha ruwa.

Bayan an gama da tudu a mayar da shi ruwa, a kwashe ruwan cikinsa tas da yamma, ku kwana kusa, ku zo da asuba kafin mai shi ya iso. Abin da kuka tarar a ciki shi ne gaskiyar jirgin. Ɗan ruwan da kwano biyu zai kwashe al'adar jirgin katako ce. Wanda ya kai idon sawu a dare ɗaya babu kaya, ku yi tunanin abin da zai yi da buhu 30 na masara a kansa.

Dalilin da ya sa na tsananta a kan jiki, kun san shi. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zuwa Warra a jihar Kebbi da mutum fiye da 150, ya rabe a tsakiyar ruwa, waɗanda aka ceto da rai kusan 20 ne kawai. Hukuma ta ce tsufa da lodi ne suka haɗu. Ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekarar, a madatsar Watari, jirgin da ya ɗauko 'yan Islamiyya daga Badau zuwa Bagwai don Mauludi ya kife, aka rasa rai 29, yawancinsu yara. Bagwai nan ce Kano, maƙwabtanmu. A Yuni 2023 kuma a Patigi ta jihar Kwara, fiye da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki cikin dare. Allah ya jiƙan su da rahama. Ajali na Allah ne, ba mai musu, amma wanda ya ga ruɓa da idonsa ya saya don araha, sannan ya zuba 'ya'yan mutane a ciki, ya shirya amsar da zai bayar. A wurina jirgin da ƙasansa da haƙarƙarinsa suka ruɓe ba shi da farashi ko kaɗan a matsayin jirgin fito. Kuɗin inji za ku taya, da kuɗin itacen girki.

To, sai inji. Ku sa lokaci da mai shi, amma ku riga shi zuwa, ku ɗora tafin hannu a kan injin. In da ɗumi, an tashe shi kafin ku zo, ku ce sai gobe. Injin da ya gaji yana ɓoye ciwonsa in ya yi zafi, a sanyin safiya ne yake faɗin gaskiya. Mai lafiya ja biyu ko uku ya isa ya kama. Kada kuma ku bari a tashe shi a busasshiyar ƙasa don a burge ku: injin jirgi da ruwan kogi yake sanyaya kansa, wata 'yar roba mai fukafukai ce a ƙafarsa take jawo ruwan, kuma in ta juya babu ruwa tana iya ƙonewa cikin ƙasa da minti ɗaya. Da zarar ya tashi ku dubi bayansa, dole ku ga siririn ruwa yana tsartuwa da ƙarfi. In babu, ko yana ɗiga da ƙyar, a kashe nan take. Robar ba ta da tsada, amma tambayar ita ce tun yaushe yake aiki da zafi haka, kuma me zafin ya yi wa fistin da gaskit.

Makanikinku ya kwance fulogi ku gani. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiya ne. Wanda ya yi fes kamar an wanke shi alhali ɗan'uwansa yana da baƙi, ko aka ga ɗigon ruwa a bakinsa, ruwa yana shiga wannan silindar. Ya ɗaura agogon gwada matsi a ramin kowane fulogi, a ja igiya. Lambar da kowace silinda ta bayar kada ta bambanta da ta 'yar'uwarta da fiye da kashi 10 cikin 100. Wannan gwaji ɗaya ya fi duk rantsuwar dillali.

Akwai wani noti a can ƙasan ƙafar inji, kusa da farfela, na man giya. Na ga wani makanike a Yauri ya sassauta shi kaɗan ya tara tafin hannunsa, man ya fito fari-fari mai kauri, ya murza shi da yatsa ya ɗaga wa rana, sai ga ƙananan ɓurɓushin ƙarfe suna ƙyalli. Bai ƙara taɓa komai ba, ya goge hannu ya ce a rage kuɗin giya gaba ɗaya ko a fasa. Farin nan ruwa ne ya shiga, sau da yawa saboda zaren kamun kifi ya naɗe bayan farfela ya yanke robar da take tare ruwa. Ɓurɓushin kuwa haƙoran giya ne suke cin junansu. Ku juya farfela da hannu kuna kallon tsakiyarta. In tana rangaji, sandar ta lanƙwashe, wataƙila ta daki kututture, domin tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya rufe itatuwa masu yawa da har yau suke ƙarƙashi.

Ku tambayi inda injin ya yi rayuwarsa. Wanda ya fito daga Legas ko Warri ko Fatakwal ko Kwatano ya sha ruwan gishiri, kuma gishiri yana cin sa daga ciki. Za ku ga farin gari a haɗe-haɗe, fenti yana kumbura, notuna sun kafe, in aka matsa sai su karye. Wanda ya yi aikinsa a ruwan daɗi, ko da ya girme shi, ya fi shi sauran kwana. Ku tambayi kuma yadda ake haɗa masa mai. Yawancin injinan fito irin su Yamaha Enduro ana cakuɗa musu fetur da baƙin mai ne, kashi 50 da kashi 1, wato tanki mai lita 25 yana cin rabin lita. Matuƙin da ya ce shi da ido yake zubawa, ko da kowane irin mai ya samu, ya riga ya gaya muku tarihin fistin ɗin.

Sunan kamfani ma yana shiga kuɗi, ba don alfahari ba sai don kayan gyara. Yamaha suna ƙera injin jirgi tun 1960, kuma kayansu da masu gyaransu sun fi samuwa a bakin ruwayenmu. Evinrude tsohon suna ne mai daraja, amma an daina ƙera shi a 2020, Johnson kuwa tun kafin nan. In aka ba ku irin waɗannan da araha, ku tuna ranar da ƙaramin abu zai lalace ku zagaye Kano da Anacha ba ku samu ba.

Gwaji na ƙarshe shi ne da kaya. Inji a cikin durom kowa jarumi ne. Ku loda buhunan yashi daidai nauyin da kuke niyyar ɗauka, ku sa rigunan kariya, ku shiga ruwa kamar rabin awa. A buɗe masa wuta duka, a rage, a sa gaba, a sa baya, a kashe a sake tayarwa da zafinsa. Ku saurara ko yana shaƙewa in an taka, ko giya tana fita da kanta, ku kuma leƙa ƙasa ku ga ko haɗin katako ya fara hawaye da nauyi ya hau.

Yanzu sai kuɗi. Na ji ɗayanku yana cewa ai a Turai tsohon jirgi ya fi sabo tsada. Gaskiya ne ga wasu. Akwai jiragen shaƙatawa na katako dangin madaci, irin Riva Aquarama da aka ƙera a Italiya daga 1962 zuwa 1996, da tsofaffin Chris-Craft na Amurka, waɗanda attajirai suke saye da kuɗin da ya kai na gida. Amma waɗannan kayan ado ne da tarihi, kuma ko su ba a sayensu sai an ɗauko ƙwararre ya duba ya rubuta rahoto. Naku kayan aiki ne, kowace shekara da ta wuce ragi take yi masa. Kada wani ya sayar muku da tsufa a matsayin daraja.

Hanyar da nake ganin ta fi adalci ita ce, ku fara sanin kuɗin sabon jiki irinsa a wurin maƙera, da kuɗin sabon inji mai doki daidai da shi, a satin da kuke ciki, domin farashi yanzu ba ya kwana biyu wuri ɗaya. Ku tambayi abin da aka sayar da makamantansa a bakin ruwa biyu ko uku, abin da aka biya, ba abin da aka yi kirari ba. Sannan maƙerinku da makanikinku su rubuta duk gyaran da suka gani da kuɗinsa, a cire daga abin da mai shi ya faɗa. A gefe ku ƙara abin da ba ya cikin ciniki amma daga aljihunku zai fita: motar da za ta ɗauko shi, la'adar dillali, rajista, rigunan kariya. In tsoho da gyaransa sun kusa kashi uku cikin huɗu na sabo, shawarata ku ƙara haƙuri damina ɗaya ku sayi sabo. Ku lissafa mai ma tun yanzu: inji mai doki 40 in an buɗe masa wuta yana shan lita 15 zuwa 20 a awa. Wanda bai yi wannan lissafi ba, shi ne gobe zai ƙara fasinja goma don ya fitar da kuɗin fetur.

Ba kowane aibi ne yake kashe ciniki ba. Kun karanta a Suratul Kahfi yadda bawan Allah da Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya bi, ya yi wa jirgin wasu miskinai aibi don kada azzalumin sarki ya ƙwace shi. Aibi ne da ya rage shi a idon mai kallo, amma jirgin ya ci gaba da zama abincin masu shi. Katako ɗaya da ya tsage, farfela da ta gutsure, kafireta mai datti, waɗannan abin ragi ne, a daidaita a gyara. Ku taya da mutunci, kada ku kushe kayan mutum fiye da abin da kuka gani don ku karya shi. In ya ce albarka, ku ƙara ko ku tafi lafiya. Ku lura kuma da wanda zai ɓullo ana tsakar ciniki ya taya sama da ku alhali ba saye zai yi ba. Shari'a ta hana wannan, kamar yadda ta hana ɓoye aibi, ta kuma ba mai saye damar mayar da kaya in ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa. Malamanmu sun yarda a ƙulla ciniki da sharaɗin zaɓi na 'yan kwanaki. Ku nemi kwana uku na gwaji, a rubuta.

A rubuta komai, a gaban sarkin ruwa ko shugaban masu fito na wurin da shaidu biyu. Lambar da ke manne a wuyan inji ta yi daidai da ta rasit. In an kankare ta ko an cire, ku bar shi ko kyauta ne, domin satar injin jirgi ta yi yawa, kuma wanda aka kama abu a hannunsa shi ne ɓarawo a idon hukuma. Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, ita ke rajistar jiragen ruwan cikin gida, kuma ta hana tafiyar dare da lodi fiye da ƙima da ɗaukar fasinja babu rigar kariya.

Roƙona gare ku, 'ya'yana, in Allah ya sa cinikin ya faɗa: ku sa maƙerin ya faɗi adadin mutanen da jirgin zai ɗauka lafiya, ku rubuta lambar da fenti a jikinsa inda kowa zai gani, ku sayi riguna daidai wannan adadi har da na yara, kuma kada ku damƙa shi sai ga matuƙin da ya tashi a ruwa, ya iya iyo, yake iya cewa fasinja ya cika. Allah ya sa albarka a nemanku, ya tsare ku da waɗanda za ku ɗauka.